Kawu Jibo da Fushin Tsohuwa

Ni na yi wa Kawu Jibo laifi, kuma gara in faɗa tun yanzu, kafin mu shiga dariyar da kowa ke yi in an ambaci sunansa. Ku da kuka yi damina biyu kuna cewa tsufa ya ci kunnensa, har ya kasa tayar da injin da ya shekara talatin yana lallaɓawa, ku janye maganarku. Kunnensa garau yake har ranar da ya bar duniya. Ni Sahabi, ɗan ƙanwarsa, wanda ya koya wa riƙon sifana, ni na kashe masa inji da hannuna.

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na bakin ruwa, nan ƙasar Ngaski, ya san shi da doguwar sukudirebarsa mai ƙotar katako. Ba kwance ƙusa yake yi da ita ba, saurare yake yi. Ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido, ya ɗaga hannu a yi masa shiru. Wata rana da azumi, liman na tsakiyar tafsirin la'asar, Kawu ya tashi ya fita wajen janareton da ke ba lasifika wuta. Ya dawo ya tsugunna gaban liman, ya yi abin da shi a ganinsa raɗa ce, alhali har sahun baya an ji.

"Malam, a taƙaita. Ba shi kai ƙarshen shafin nan."

Liman ya harare shi, ya ci gaba da karatu. Saura layi uku shafin ya ƙare lasifika ta ɗauke, ya rage bakin liman kawai muke gani yana motsi. Tun daga ranar, in liman ya ga Kawu ya waiwayi ƙofa, sai ya fara haɗa littattafansa.

Ni ma ban tsira ba. Lokacin da nake neman auren matata, na ce masa zan tafi Yelwa neman bel ɗin inji, na zarce zance. Da na dawo ba bel, na fara ba shi labarin yadda na zaga kasuwa kaf. Bai katse ni ba. Ya ɗora bakin sukudireba a ƙirjina, ya manna kunne, ya ɗaga hannu.

"Wanga inji bai je kasuwa ba," in ji shi. "Kuma shina shan mai da yawa."

Injin da nake magana a kai shi ne wanda ya raɗa wa suna Tsohuwa. Ƙaramar tarakta ce ta yankan ciyawa, irin wadda ake hawa, mai sitiyari da taya huɗu da wuƙa a ƙarƙashin ciki. Girmanta bai wuce na amalanke ba. Kawu ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa ta a wani gidan saukar baƙi da ke bakin tafki. Da aka rufe gidan aka sallami ma'aikata, kowa aka ba shi wani abu, wani katifa, wani fanka. Kawu ya ce shi tarakta yake so. Aka ce masa ai ta mutu. A ranar ya fara faɗin maganar da ta bi shi har kabari.

"Ba ta mutu ba. Hushi takai."

Ya turo ta da hannu har gida, ya yi mata rumfar da ta fi ɗakinsa kyau. Kafin kwana arba'in mutanen unguwa suka ji tana tari, sannan ta tashi.

Kawu bai taɓa yar da noti ba. In zai buɗe inji sai ya jera kiret ɗin ƙwai a kan tabarma, kowane rami da abin da ke shiga cikinsa. Duk ƙarfen da ya shiga jikin Tsohuwa kuma sai ya buga masa ɗigo uku da ƙusa, don kada ya cakuɗe da na mutane. Kujerarta ta ruɓe, ya ɗaura mata kujerar tsakar gida. Taya ta ƙi riƙe iska, ya cusa mata ƙaiƙayin shinkafa da tsumma. Batir ya daɗe da mutuwa, da igiya ake tayar da ita. Fetur kuwa da kwalbar maganin tari yake auna mata, in ɗigo ɗaya ya zuba a ƙasa sai ya yi salati kamar an yi rasuwa.

Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya taɓa zuwa da sikelinsa. Ya zaga Tsohuwa, ya ƙwanƙwasa murfinta da yatsa.

"Baba, wannan ai nauyi gare ta. A auna?"

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Kakarka tana raye?"

"Tana nan, Baba."

"Tahi ka hwara da ita. In ta yarda, ka dawo."

Ranar kasuwa a kanta yake zuwa, wuƙa a sauke, yana aske gefen hanya ba wanda ya sa shi. Tafiyar da mai ƙafa ke yi kafin hantsi, shi sai azahar. 'Yan kabu-kabu su wuce suna danna masa hon.

"Baba, mu ce a ajiye maka kasuwar mako mai zuwa?"

Ko kallonsu ba ya yi. Ran nan har jakin mai itace ya wuce shi, ɗauke da kaya, aka yi ta dariya a rumfar mai shayi. Kawu ya tsaya, ya gyara hularsa.

"Shi tahiya kaɗai yakai. Ni aiki nikai."

Da na kasa jarrabawa, na gwada kamun kifi a tafki shi ma na kasa, Innata ta kai ni wurinsa ina da gemuna. Abu na farko da ya koya mini kalma uku ce: wuta, mai, iska. "In inji ya ƙi tashi, wuta za ka hwara dubawa. Cire filogi, jingina shi ga ƙarfe, ja igiya. In ba ka ga tartsatsi ba, kada ka ɓata ranarka ga kafireta." Ya maimaita mini wannan har na riƙa jinsa ina cin tuwo. Ku riƙe shi, zan dawo kansa.

Akwai yanka ɗaya da ba ya wasa da shi. Ranar da aka ɗauki matarsa, Inna Kulu, tsakiyar damina ce, ciyawar hanyar maƙabarta ta kai ƙugu. Masu makara suka yi ta tuntuɓe, har maciji ya sa na gaba ya yi tsalle, saura kaɗan a kayar da ita. Kawu yana biye da su, duk a kan idonsa. Washegarin sadakar uku ya hau Tsohuwa, ya yanke hanyar daga bakin titi har ƙofar maƙabarta, zuwa da dawowa. Daga nan ya mayar da abin kowace Alhamis ta damina, shekara goma sha ɗaya. Allah bai ba su haihuwa ba. Gidan ya rage daga shi sai Tsohuwa, sai maƙwabciyarsa Saratu, 'yar Kambari mai bandar kifi, da ke miƙo masa tuwo ta kan danga, ranar Lahadi kuma ta kawo da wuri kafin ta tafi coci.

Ni kuwa na buɗe gareji a Yelwa, na yi iyali, aka fara ce mini Injiniya. Innata ta rasu. Kawu ya koma mutumin da ake gaidawa da Sallah. In ya sa Saratu ta kira ni a wayarta, sai in ce aiki ya yi yawa. Wani lokaci gaskiya ne.

Ga yadda abin ya faru. Da rani wani babban manomin albasa ya kawo mini tsohon injin ban ruwa wanda aka zaga da shi gareji uku. Kwayil ne ya ƙone, wato abin da ke haifar da wutar filogi, kuma irinsa an daina kawowa. Ni kuwa na riga na bugi ƙirji gaban mutane cewa gobe albasarsa za ta sha ruwa. Ba yunwa ta sa ni ba, kada wani ya yi mini wannan uzuri. Sunan Injiniya nake karewa. Ina zaune ina tunani sai na tuna inda na taɓa ganin kwayil irin wannan.

Na san Kawu ya haye tafki ta'aziyya. Na zo da azahar, na shiga rumfa, na buɗe murfin Tsohuwa, na cire nata na sa ƙonannen, na ɗaure komai, na goge sawun hannuna da tsumma. Saratu na juya kifi a bayan danga. Ta gaishe ni, na ce na zo gaida Kawu ne ban same shi ba. A hanya na ce wa kaina ai rani ne, Tsohuwa barci take, kafin ruwan fari na mayar mata da abinta. Kafin ruwan fari manomin ya sayar da injin ga wasu mutanen wajen Shanga, su ma suka sayar gaba. Na bi sawu sau biyu, na gaji, na bari.

Ruwan fari ya sauka ranar Talata. Ranar Laraba wayata ta yi ƙara, lambar Saratu, muryar Kawu.

"Injiniya, Tsohuwa na hushi. Ka taho Juma'a mu lallashe ta."

Ranar Juma'a na je. Na same shi ya jera kiret ɗin ƙwai, ya shimfiɗa tabarma biyu. Muka gaisa. Ya ɗauki sukudireba, ya ɗago ta daidai ƙirjina. Sai ya zarce da ita ta kan kafaɗarsa ya sosa baya.

"Ina jin kafireta ce," in ji shi.

Wani sanyi ya sauka a raina. "Ni ma haka nake gani, Kawu."

Muka kwance kafireta, mai haɗa fetur da iska, muka wanke ta tas, muka mayar. Ya naɗe igiya ya ja sau uku. Shiru. Ya rataye igiyar a ƙusarta.

"To. Wata Juma'a."

Wata Juma'ar muka buɗe bawul. Wadda ta biyo ta muka sauke tanki muka girgiza shi da tsakuwa. Muka duba bel, muka wasa wuƙa, muka canza baƙin mai wanda bai yi aikin komai ba. Ran nan na zo na tarar ya kwance sitiyari.

"Kawu, me ya haɗa sitiyari da tashin inji?"

"Kai in wuyanka ya sanƙare, kana son tashi?"

Ban yi gardama ba. Duk abin da zai nisanta mu daga murfin nan, ina so.

Haka muka kasance. In mun sauko daga masallaci mu shiga rumfa. Yana da kifi gasasshe da ya tanada daga wurin Saratu, da shayi a kofin da ya yanka daga gwangwanin madara. Yana goge noti yana ba ni labari: yadda Innata tana ƙarama ta ciji wani mai jirgi, yadda Inna Kulu ta taɓa shanya kuɓewa a kan murfin Tsohuwa suka yi kwana biyu ba sa magana, yadda garin da aka haife shi yake kwance yanzu ƙarƙashin ruwan tafki. Da rana ta yi sanyi ya ja igiya sau uku, ya rataye, ya ce wata Juma'a. Ya raka ni bakin titi, ya tsaya har babur ɗina ya sha kwana. Rani ya shigo bai fasa ba, wai gara a shirya ta kafin ruwa.

A duk wannan lokacin ko sau ɗaya bai cire filogi ya jingina shi da ƙarfe ba. Mutumin da ya cika mini kunne da wuta, mai, iska. Na lura, amma ban tambayi kaina dalili ba, domin amsar da na zaɓa ta fi mini daɗi. Na ce tsufa ne. Ban tsaya a zuciyata ba. A garejina na faɗa, a rumfar mai shayi na faɗa, ina girgiza kai kamar mai tausayi. Maganar kunnen nan da kuka yi ta yi, daga bakina ta fara fita. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko muni.

Hanyar maƙabarta kuwa, damina ta farko ya gwada ta da lauje, taku kaɗan kullum, har bayansa ya hana shi. Damina ta biyu ciyawa ta haɗe. Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci ya tsaya a bakinta, ya dogara da sukudireba a cinyarsa, yana kallo. Maganar kwayil ta zo har bakina. Na buɗe baki.

"Ruwa ya yi yawa bana, Kawu."

Bai ɗauke ido daga hanyar ba. "Ya yi yawa," in ji shi.

Wata Laraba, ƙarshen daminar, Saratu ta miƙa koko ta kan danga ba a karɓa ba. Ta zagaya ta same shi a rumfa, kwance a kan tabarma, rai ya yi halinsa, ya riga ya jera kiret ɗin ƙwai na Juma'a. Da aka tashi ɗaukarsa sai da mutum huɗu suka shiga gaba da adda. Ni na riƙe gaban makara. Ciyawa na dukan fuskata, ƙarangiya ta cika wandona, wani a bayana yana cewa, "Da Tsohuwa na aiki da ba haka ba." Ban waiwaya ba.

Bayan sadakar uku na shiga rumfa in tattara kayansa. Saratu ta kira ni ta kan danga.

"Sahabi, zo karɓi ajiyar Baba."

Gwangwanin madara ne. Na buɗe, na warware tsumma mai maiƙo. Kwayil ne, lafiyayye, da ɗigo uku a gefensa.

"Tun yaushe wannan yake wurinki?"

"Tun ruwan farin bara. Ina nan ina kallonsa. Ya ja igiya sau ɗaya, ya cire ɗan farin abin nan mai kama da yatsa, ya jingina, ya sake ja. Sai ya buɗe murfi ya leƙa, ya yi dariya shi kaɗai. Ya shiga ɗaki ya fito da wannan, ya ce tun gidan baƙi yake ajiye da shi. Na zaci sawa zai yi. Ya zauna yana ta juya shi a hannu. Can ya miƙo mini ya ce in ɓoye, kada ka yi karo da shi in kuna bincike. Sannan ya ce in kira masa kai."

"Ya tambaye ki ko wani ya shigo da ba ya nan?"

"Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Cewa kawai ya yi ɓarawon ya iya aiki, ya ɗaure noti daidai yadda aka koya masa."

Na yi dariya, ban san sanda ta fito ba.

Saratu ta goge hannunta da zani. "Na ce masa, Baba, hanyar Inna Kulu fa? Ya ce Kulu mai haƙuri ce, ta san halinsa. Ya ce, 'In Tsohuwa ta tashi yau, Sahabi sai Sallah.'"

Ta koma wurin kifinta. Ni kuma na zauna a kan tabarmarsa har aka kira azahar.

Aikin bai ɗauke ni minti goma ba. Na cire ƙonannen, na sa nasa, na daidaita tazarar da kwalin ashana yadda ya nuna mini. Na auna mata fetur da kwalbar maganin tari. Na naɗe igiya. Ja na farko ta yi tari. Na biyu ta tashi, hayaƙi ya cika rumfa, kajin Saratu suka watse. Babu abin da ke jikinta da ba a wanke ba cikin damina biyu, sai ta riƙa gurnani lafiya lau, fiye da yadda na taɓa jinta.

Na hau kujerar tsakar gida na sauke wuƙa, na nufi hanyar maƙabarta. Mutane suka fito ƙofar gidajensu. Wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, ya ga ba mai kujerar ba ne, ya wuce. Ciyawar ta yi kauri, sai da na bi kowane wuri sau biyu, Tsohuwa na shaƙewa ina lallashinta. La'asar ta yi kafin in kai ƙofar maƙabarta.

Allah Ya jiƙan Kawu Jibo. Allah Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Kulunsa a inda ciyawa ba ta rufe hanya.

Na kashe inji, na cire takalmi, na shiga da sallama. Ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba. Na yi masa addu'a, sannan na tsugunna, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun Juma'ar farko.

"Kawu, ni ne Sahabi. Ni na cire kwayil. Ni na ce wa mutane kunnenka ya tafi. Ka sani tun tuni, amma ban taɓa faɗa maka da bakina ba. Ba zan ce da na riƙa zuwa ko da Tsohuwa ba ta yi fushi ba, don ka san ƙarya ce, ba sai ka ɗora mini sukudireba ba. Ka yafe mini, Kawu. Alhamis zan dawo."